Tambaya da Amsa: Wurin Ninkaya, Sayen Filaye da Alƙawuran 'Yan Takarar Kansila a Ingila

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni 'yar Najeriya ce da ke zaune da maigidana da yaranmu a wani gari na kudancin Ingila. Zaɓen kansiloli ya ƙarato, kuma kullum sai an jefo mana takardun 'yan takara ta ƙofa. Wani yana cewa zai ceci wurin ninkayar unguwarmu da ake shirin rufewa, wata kuma tana cewa babu kuɗin yin haka domin ƙaramar hukumar ta kwashe dukiyarta ta sayi filaye da gine-gine. Yarana a wurin suke koyon iyo. Shin mene ne haɗin waɗannan abubuwa biyu, kuma maganar wa ya kamata in ɗauka? Sannan ina da damar jefa ƙuri'a da fasfon Najeriya? Daga wata mai karatu, kudancin Ingila.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Bari mu fara da mai sauƙin. Najeriya tana cikin ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila, saboda haka duk ɗan Najeriya da ke da izinin zama a Birtaniya yana da damar yin rajista ya jefa ƙuri'a, a zaɓen kansiloli da ma na majalisar dokokin ƙasa. Haka abin yake ga 'yan Ghana da Kamaru, amma ba ga 'yan Nijar ko Chadi ba sai idan sun sami takardar zama 'yan ƙasa. Abin da za ki kula da shi kawai shi ne ki yi rajista kafin a rufe, kuma ki tafi rumfar zaɓe da katin shaida mai hoto, domin tun watan Mayun 2023 aka wajabta hakan a Ingila.

Dangane da ainihin tambayarki, abin da ya haɗa wurin ninkaya da sayen filaye shi ne asusu ɗaya ne ke ɗaukar nauyin gudanar da wurin da kuma biyan bashin da aka ci domin sayen, kuma doka ba ta ba su matsayi ɗaya a cikin asusun ba. Akwai ayyukan da dokar Ingila ta tilasta wa ƙananan hukumomi, kamar kula da tsofaffi da naƙasassu, da kare yara masu rauni, da kwashe shara, da samar wa marasa muhalli matsuguni, gwargwadon irin hukumar da ake magana. Biyan bashi da kuɗin ruwansa ma dole ne. Wurin ninkaya ba ya cikin wannan jeri, aikin ganin dama ne, duk da cewa tun dokar 1846 da ta ba garuruwa ikon gina wuraren wanka da wanki na jama'a ake kallonsa a matsayin haƙƙin talaka. Don haka duk ranar da aljihu ya yi zafi, shi ne kan gaba wajen shan wuƙa. Ga shi kuma da cin kuɗi: ruwan sai an ɗumama shi dare da rana, a tace shi, a biya masu ceto da ke tsaye a bakinsa, sannan da yawa daga cikin gine-ginen an yi su ne a shekarun 1960 da 1970, sun tsufa. Da farashin gas ya yi tashin gwauron zabo a 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, sai da gwamnatin tsakiya ta ware fam miliyan 63 a kasafin watan Maris na 2023 domin tallafa wa wuraren ninkaya, kuma wannan kuɗi idan aka raba shi a faɗin ƙasar bai taka kara ya karya ba.

Batun sayen filaye kuwa ya samo asali ne daga tsuke bakin aljihun da gwamnatin tsakiya ta yi tun daga 2010, inda ta zaftare tallafin da take ba ƙananan hukumomi. Da yawansu suka ga cewa za su iya cin bashi mai rahusa daga asusun lamuni na Baitulmalin ƙasar, su sayi kasuwannin zamani da otal-otal da ofisoshi, su riƙa karɓar haya suna cike giɓi. Ofishin babban mai binciken kuɗi na ƙasa ya bayyana a 2020 cewa a cikin shekara uku kacal, daga 2016 zuwa 2019, ƙananan hukumomin Ingila sun kashe kimanin fam biliyan 6.6 a kan irin wannan saye. A watan Nuwamban 2020 Baitulmali ya hana bayar da bashi domin sayen kadara da ba ta da wata manufa sai neman riba, sai dai a lokacin wasu sun riga sun nutse.

Misalin da ya fi kama da halin da kike ciki shi ne na Croydon, a kudancin Landan. Ƙaramar hukumar, a ƙarƙashin jam'iyyar Labour, ta sayi otal ɗin Croydon Park a 2018 kan kusan fam miliyan 30, ta sayi wata kasuwar zamani, ta kuma ranta wa kamfanin gine-ginenta mai suna Brick by Brick kusan fam miliyan 200. A watan Nuwamban 2020 jami'ar kuɗinta ta fitar da sanarwar da ake kira ta sashe na 114, wadda ma'anarta ita ce hukumar ba za ta iya daidaita kasafinta ba, kuma an dakatar da duk wani sabon kashe kuɗi da ba na dole ba. Otal ɗin daga baya an sayar da shi a ƙasa da farashin da aka saye shi. A tsakiyar wannan rikici, wurin ninkaya na unguwar Purley, wanda aka rufe a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, ba a sake buɗe shi ba. Da zaɓen magajin gari na watan Mayun 2022 ya zo, Jason Perry na jam'iyyar Conservative ya sa sake buɗe wurin a sahun gaba na alƙawuransa, kuma ya kayar da Val Shawcross ta Labour da ratar ƙuri'a ƙasa da 600. Bayan wata shida hukumar ta sake fitar da sanarwar sashe na 114, a 2023 aka ƙara harajin gida da kashi 15 cikin ɗari, kuma ba a koma iyo a tsohon ginin ba. Shirin ya rikiɗe ya zama na haɗin gwiwa da wani kamfani mai zaman kansa, wanda zai gina sabon wurin ninkaya tare da gidajen tsofaffi a filin. Magoya bayansa suna cewa sabon wuri ya fi a yi ta faci a kan ginin da ya ruɓe, masu suka kuma suna cewa ba haka aka faɗa wa masu zaɓe ba. Ko wane ɓangare mutum ya ɗauka, yaran da suke aji ɗaya lokacin da aka rufe wurin sun yi shekarun firamarensu ba tare da shi ba, alhali manhajar karatun ƙasar ta ce kowane yaro ya iya ninkayar mita 25 kafin ya gama firamare.

A Woking, garin da ke da masallacin Shah Jahan na 1889, wanda shi ne na farko da aka gina musamman a matsayin masallaci a Birtaniya, laifin ya faɗa kan ɗaya jam'iyyar ne. A zamanin da Conservative ke jan ragama aka ci bashi aka gina dogayen benaye da otal a dandalin Victoria, aka kuma shiga sake gina unguwar Sheerwater. Jam'iyyar Liberal Democrats ta karɓi hukumar a 2022, kuma a watan Yunin 2023 aka bayyana giɓin fam biliyan 1.2 a garin da mutanensa ba su wuce dubu ɗari da kaɗan ba. Cikin abubuwan da aka fara ambata rufewa har da wurin ninkayar garin, Pool in the Park. Dubban mazauna suka sa hannu a takardar koke, aka bar shi a buɗe, amma da ƙarin kuɗin shiga. Na kawo misalan biyu ne domin ki ga cewa tutar jam'iyya ba za ta amsa miki tambayarki ba.

A ganina, Hajiya, kada ki tambayi ɗan takara ko yana son wurin ninkaya, domin babu wanda zai ce miki ba ya so. Ki tambaye shi nawa hukumar ke cikawa a kowace shekara domin wurin ya ci gaba da aiki, kuma daga wane fanni zai ciro kuɗin. Kasafin ƙaramar hukuma kashi biyu ne, akwai na manyan ayyuka da akwai na gudanarwar yau da kullum, kuma bisa ƙa'ida kuɗin da aka samu daga sayar da fili ba a biyan albashi ko kuɗin wuta da shi sai da izini na musamman daga gwamnati. Saboda haka wanda ya ce miki zai sayar da fili kaza ya riƙa tafiyar da wurin ninkaya da kuɗin, ko dai bai san aikin ba ko kuma yana fatan ke ba ki sani ba. Ita kuma mai cewa babu kuɗi, wataƙila gaskiya take faɗa, amma ki tambaye ta me za ta yi da kadarorin da aka riga aka saya, kuma ko za ta yarda a miƙa wurin ga wata ƙungiyar al'umma ta gudanar da shi maimakon a garƙame. Idan ɗayansu kansila ne mai ci, ki duba yadda ya kaɗa ƙuri'a lokacin da aka yi sayen, domin bayanan zaman majalisar a buɗe suke ga kowa a shafin hukumar. Ki kuma tuna cewa kansila ɗaya murya ɗaya ce a cikin gomman kansiloli, don haka alƙawarin da ba ya cikin kundin manufofin jam'iyyarsa nauyinsa kaɗan ne.

Tambaya: Malam, na karanta cewa ƙananan hukumomi a Ingila suna sayen fili da kuɗi. Ashe ba gwamnati ce ke da ƙasa ba? A nan gida ai gwamna ne ke bayarwa kuma shi ke ƙwacewa. Daga wani mai karatu, Zariya.

Amsa: Malam, tsarin ya bambanta. A Najeriya dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, shi ke bayar da takardar mallaka a birane, ƙananan hukumomi kuma su bayar da ta gargajiya a karkara. A Ingila mafi yawan filaye a hannun mutane da kamfanoni da cibiyoyi suke, saboda haka idan ƙaramar hukuma tana son gina makaranta ko gidaje sai ta saya kamar kowa. Tana da ikon tilasta wa mai fili ya sayar idan aikin na amfanin jama'a ne, amma sai minista ya amince, sai an biya diyya, kuma mai filin yana da damar ƙalubalantar matakin. Idan kuma ita ce za ta sayar, dokar ƙananan hukumomi ta 1972 ta ce ta nemi farashi mafi kyau da za a iya samu, sai dai in an ba ta izinin yin rangwame.

Ya kamata a yi wa ƙananan hukumomin adalci a nan, domin ba kowane saye ne caca ba. Hukumar da ta sayi gidaje domin ta daina biyan otal-otal kuɗin kwanan iyalan da ba su da muhalli tana iya rage wa kanta asara mai yawa, haka ma wadda ta sayi fili domin maƙabarta ko filin wasan yara tana yin aikinta ne. Abin da ya jefa wasu cikin rami shi ne sayen da ya fi ƙarfinsu nesa ba kusa ba, kamar yadda ƙaramar hukumar Spelthorne ta sayi harabar ofisoshin kamfanin mai na BP a Sunbury a 2016 kan fiye da fam miliyan 350, ta kuma ci gaba da saye har bashinta ya kai kimanin fam biliyan ɗaya. Ɗan takarar da ya yi wa kowane irin saye kuɗin goro, ko don yabo ko don suka, bai taimaki mai zaɓe ba.

Tambaya: Ni damuwata ita ce ko da an bar wurin ninkayar a buɗe, ba na iya shiga tare da maza. Akwai abin da 'yan takara za su iya yi? Daga wata ɗaliba, Birmingham.

Amsa: Akwai, 'yar'uwa. Dokar daidaito ta 2010 ta halatta ware lokaci na mata zalla idan akwai dalili mai ƙarfi, kuma wurare da dama a garuruwan da ke da Musulmi da yawa suna yin haka, suna kuma amincewa da kayan iyo masu rufe jiki. Sai dai galibin wuraren ba hukumar ce ke gudanar da su kai tsaye ba, kamfani ko gidauniya take ba kwangila, saboda haka abin da za ki nema daga ɗan takara shi ne ya sa a rubuta lokutan mata a cikin sharuɗɗan kwangilar, tare da tanadin masu ceto mata da kuma labule ga tagogin da ke kallon ruwan. Idan ba a rubuta ba, lokacin matan ne ake fara sokewa duk ranar da ma'aikata suka yi ƙaranci. Ku haɗu ku da yawa ku rubuta wa duk 'yan takarar mazaɓarku kafin ranar zaɓe, ku kuma nemi kowannensu ya ba ku amsarsa a rubuce.