Amsoshin Tambayoyinku: Kafin Ki Sayi Waya Ta Biyu, Kafin Ka Sayi Inbata

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa da leshi da mayafai daga gida a Agege, ta WhatsApp. Tun asuba har sha ɗayan dare waya na hannuna: wannan na tambayar farashi, waccan ta turo shaidar biya, mai kai kaya na kira bai gane gida ba. Makon jiya har na aika wa wata kayan wata. In sayi waya ta biyu ne, ko in ɗauki yarinyar da za ta taya ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki ɗan riƙe kuɗinki na mako biyu tukuna. Sana'arki ayyuka biyar ce: ɗaukar hoto, amsa saƙo, tabbatar da shigar kuɗi, ɗaure kaya, da aikawa. Abin da ke gajiyar da ke shi ne tsalle tsakaninsu sau ɗari a wuni. Wata mai bincike, Sophie Leroy, ta nuna a 2009 cewa idan mutum ya bar aiki bai kammala ba ya koma wani, wani sashe na hankalinsa yakan maƙale a na farkon. Kina naɗe leshin wata, rabin hankalinki na kan cinikin da kika bari a waya. Ta nan kaya ke musanya, domin taura biyu ba ta taunuwa.

Ki ba kowane aiki lokacinsa. Saƙonni sau uku a rana, minti 40 kowane zama: da hantsi, bayan azahar, bayan isha. Manhajar WhatsApp Business kyauta ce, kuma tana da saƙon da ke fita da kansa idan ba kya kusa. Ki rubuta a ciki lokutan da kike amsawa. Tana kuma da amsoshin da ake ajiyewa, ki danna alamar / su fito: lambar asusu, kuɗin kai kaya, tsawon yadi. Mai saye na haƙuri da jiran wasu awanni idan ta san yaushe za a amsa mata. Shirun da ba a san ƙarshensa ba ne ke korar ta.

Kuɗi sau biyu za ki duba, ƙarfe 12 da kuma dare, a cikin manhajar bankinki. Hoton rasit da aka turo ba shaida ba ne, ana ƙirƙirar na jabu, kuma mai gaggawa shi aka fi cuta. Ki sanar cewa wadda kuɗinta ya shiga kafin 12, kayanta na cikin tafiyar yau.

Wurin ɗaure kaya akwai tarko. Tara aiki iri ɗaya a yi shi a zama ɗaya ba ya nufin ki baje odar mutum goma a tabarma lokaci guda. Ki rubuta takardun suna da unguwa da lambar waya duka a zama ɗaya, sannan ki ɗauki takarda ɗaya, ki ɗauko kayanta, ki yi musu hoto tare, ki rufe leda, kana ki taɓa ta gaba. Waya tana kife har ki gama.

Aikawa kuwa, a Legas nan kuɗi ya fi zuba. Ki raba gari uku. Na kusa, wato Ogba, Ikeja, Iyana-Ipaja da Abule-Egba, kullum. Na tsallaken ruwa, Obalende, Ikoyi, Lekki har Ajah, Talata da Asabar. Gadar Third Mainland kaɗai kilomita 11.8 ce, bai kamata leda ɗaya ta tsallaka ta ita kaɗai ba. Festac, Ojo da Alaba Rago su samu tasu ranar. Tun Yunin 2022 an hana acaba a ƙananan hukumomi irin su Ikeja, Apapa, Surulere da Eti-Osa, saboda haka ki yi yarjejeniya da mai babur ɗin kai saƙo mai cikakkun takardu, ku yi ciniki a kan tafiya mai leda biyar ko shida. Sarin kaya a Balogun sau ɗaya a mako ya isa, amma ban da safiyar Alhamis, domin kasuwanni na rufe saboda shara har ƙarfe 10.

Bayan mako biyu, in har saƙon dangi da na ciniki na cakuɗe miki, sai ki sayi wayar. Amfaninta ɗaya ne babba: kina iya jefa ta cikin durowa ki huta. Ki nemi mai ma'aji 128GB saboda hotuna, da batir 5,000mAh. In a Computer Village, kasuwar wayoyi ta Ikeja, za ki saya, ki danna *#06# ki ga lambar da ta fito ta yi daidai da ta jikin kwali, ki karɓi rasit. Yarinya kuma ta zo daga baya, lokacin da akwai tsarin da za ki ɗora ta a kai. Ki ba ta ɗaure kaya. Duba kuɗi ya zauna a hannunki.

Tambaya: Ni tela ne a Idi-Araba, da yara uku a shago. Man janareta na cinye ribar. An ba ni shawarar inbata da batir ɗaya mai 200Ah. Zai ɗauki kekuna biyu na lantarki da dutsen guga?

Amsa: Malam, kekunan zai ɗauka, dutsen guga ne zai kashe shi. Ga lissafin. Batir mai bolt 12 da 200Ah yana riƙe da wat-awa 2,400. In irin na dalma ne, rabi kawai ake sha in ana so ya yi ƙarko, wato 1,200. Dutsen guga na jan wat 1,000 zuwa sama duk lokacin da yake ɗaukar zafi. Ke nan guga kaɗai na iya cinye rabon wuni cikin awa ɗaya ko biyu, kuma batirin da ake tatsewa ƙarƙaf kullum ba ya daɗewa.

Kafin ka sayi komai, ka dubi yadda aiki ke tafiya a shagon. Yawanci ana yanka kaftani ɗaya, a ɗinka, a tayar da inji don a goge wuya, a bar shi yana ruri ana aikin hannu. Janareta na shan mai ko da ba a ɗora masa komai ba. Ka raba aikin gida biyu: mai buƙatar wuta da wanda ba ya buƙata. Awo, zane da alli, yanka, ɗinka maɓalli da tsinke zare duk a yi su da safe, inji a kashe. Idan yankakku sun kai takwas ko goma, a tayar da shi awa uku a jere, kekuna biyu na gudu, yaro ɗaya na kan guga.

Ka kuma jera ɗinkin bisa launin zare. Fararen shadda duka a wuce da su, sannan ruwan toka, sannan baƙi. Kowane canjin launi sai an zare na sama, an sauya kwarkwaro, an gwada a ƙyalle. Ka ce minti uku ne, sau ashirin a wuni ya zama awa guda cur. A cika kwarkwaro biyar na launin kafin a zauna.

Inda wannan tsari ke ɓaci shi ne cakuɗewar yankakku. Hannun rigar Alhaji ya shiga ta ɗansa, shadda mai tsada ta lalace. Kowane ɗinki ya samu ledarsa da takardar awo a ciki, a kuma rubuta lamba da alli a bayan kowane ƙyalle. Kada tarin ya wuce abin da za ku gama cikin kwana biyu, ko da a jajibirin salla ne, domin kuskuren awo ɗaya a babban tari sai ya maimaita kansa kafin a farga.

Abin da muke ganin ya cancanci kuɗinka da farko shi ne motar keke. In kekunanka masu tsohuwar mota ce da ke juyawa tun da aka kunna, ka sauya ta da sabuwa irin wadda ake kira servo, wadda ba ta jan wuta sosai sai an taka. Daga nan inbata mai 1.5kVA zai riƙe kekuna da fanka da fitila, guga kuma ta jira wutar NEPA ko awannin janareta. Ka auna man da ka sha mako guda kafin canjin da mako guda bayansa, ka rubuta a littafi.

Tambaya: Ina aikin lissafi a wani ofis a Apapa. Surutu da imel ba sa barina in haɗa rahoto. In sayi abin kunne mai kashe ƙara?

Amsa: Ɗan'uwa, abin kunnen ya fi iya kashe ƙara mai ɗorewa, kamar rurin janareta ko na'urar sanyaya ɗaki. Muryar mutane tana ratsa shi, kuma ba ya hana a dafa kafaɗarka. In maganar mutane ce damuwar, mai rufe kunne ruf na matsakaicin kuɗi ya wadatar.

Imel ɗin ya fi surutun ɓarna. A binciken da Kostadin Kushlev da Elizabeth Dunn na Jami'ar British Columbia a Kanada suka wallafa a 2015, mutane 124 sun gwada duba imel sau uku kacal a rana na mako guda, kuma damuwarsu ta ragu. Ka gwada ƙarfe 9, 1 da 4, ka kashe sanarwar shigowar saƙo. Minti 90 na farkon safiya na rahoto ne. Amma ka fara samun amincewar oga, ku yi da shi cewa abin gaggawa, kamar kwantenar da kuɗin ajiyarta ke hawa a tashar jiragen ruwa, kira za a yi. A wayarka akwai saitin hana damuwa. Ka sa lambarsa cikin waɗanda kiransu zai shigo.

Tambaya: Ina da teburin POS a Mile 12. Wannan tsari zai yi mini?

Amsa: A gaban tebur ba zai yi ba; wanda ya sauke buhun albasa yana neman kuɗin ɗan dako ba zai jira ƙarfe ɗaya ba. A bayan tebur ne za ka tara aiki. Neman tsabar kuɗi sau ɗaya, kafin kasuwa ta cika. Daidaita littafi da na'ura sau biyu, azahar da tashi. Cinikin da aka cire wa mutum kuɗi bai shigo ba, ka rubuta shi nan take a shafi na daban, da lokaci da adadi da lambar rasit, ka kai ƙorafinsu gaba ɗaya da la'asar. Ka sayi takardar rasit dozin guda, ka ajiye ta nesa da rana, domin zafi na baƙanta ta.