Jika 600 a hannu: in kama shago ko in fara da tebur?

Wani ƙanena daga unguwar Zariya a nan Maradi ya turo min saƙo, ya ce shekara 6 shina yaron shago wajen wani mai kayan masarufi a babbar kasuwa, yanzu ubangidan ya sallame shi da jika 600. Ya samu shago ana son jika 25 a wata amma sai ya biya shekara guda gaba, kuma wani abokinshi ya ce zai ara mishi jika 400 ya cika shagon da kaya. Shi dai ya ce kunya yake ji a ganshi a bakin titi da tebur bayan kowa ya sanshi cikin kasuwa. Wai me zan ce?

Ƙanena, Allah ya sa albarka, ya saka wa ubangidanka da alheri, don ba kowa ke sallamar yaro da abin kirki ba. To amma tun da ni ka tambaya, kar ka kama shagon nan yanzu, kuma kar ka karɓi bashin nan. Zamna mu yi lissahi tare ka gani da idonka.

Haya ta shekara jika 300 kenan, rabin jarinka ya tahi tun ba ka sayar da ko ashana ɗaya ba. Sai kanta, sai fenti, sai kwaɗo da ƙofa, sai jan wuta, in ka yi tsimi sosai ka ce jika 80. Saura jika 220. Da jika 220 za ka cika shago? Kai da ka yi shekara 6 a ciki ka fi ni sanin buhun shinkafa nawa da jarkar mai nawa za su saya, kusurwa ɗaya ma ba za ta cika ba, mai saye kuwa in ya leƙo ya ga kanta wayam sai ya wuce gaba wajen wanda ke da komai. Shi ya sa hankalinka ya koma kan bashin abokinka, kuma a nan ne ramin yake, don daga ranar da ka karɓa kana da mutum biyu da ke jiranka, mai shago da mai bashi, alhali ba ka da ko mutum goma da suka saba saye wajenka. Mutanen da ke zuwa shagon ubangidanka nashi ne fa, kar ka ƙirga su cikin naka. Wasu za su biyo ka don kirkinka amma yawancinsu suna da tsohon asusu a can, ana ba su kaya su biya ƙarshen wata, kai kuwa ba ka da ƙarfin yin haka.

Maganar kunya kuma ta taɓa ni ƙwarai, don na ga samari da yawa da kunyar nan ta karya. Wa ya gaya maka tebur ƙasƙanci ne a Maradi? Garin nan da ake kira cibiyar kasuwancin Nijar ai da ƙananan hannuwa aka gina shi. Tambayi tsofaffi su ba ka labarin zamanin gyaɗa, lokacin da kamfanonin Turawa ke ba mutane kuɗɗi su shiga ƙauyuka su auno, da yawa cikin alhazan da sunansu ya cika gari daga nan suka taso, yaran wasu ne masu ɗaukar buhu da tsaron sikeli. Da farin 1973 da 1974 ya kashe harkar gyaɗa ba su zamna kuka ba, suka juya ga kai kaya Najeriya, atamfa da shinkafa da sauransu. Har yau kuma in ka duba da kyau, abin da ke riƙe da gidajen garin nan shi ne matar da ke tuyar ƙuli-ƙuli tana matsar mai, da mai fura, da mai kiwon jar akuya biyu uku a bayan ɗaki, da mai kura, da ɗan kabu-kabu. Matar nan mai ƙuli ita kaɗai tana ba manomin gyaɗa ciniki, tana ba mai injin niƙa, tana ba mai itace, tana ba yarinyar da ke talla, kuma da ribar take saya wa ɗiyanta kaye da bik in an koma lakwal. Aikin gwamnati mutum nawa zai ɗauka? Ni wallahi in na ga saurayi ya shimfiɗa tebur da asuba shina jera sabulu da magi ina ganin girmanshi fiye da wanda ke zaune cikin babban shago da kayan bashi shina tsoron ƙarar waya.

Yanzu ga abin da nake so ka riƙe fiye da komai. Jika 600 ɗin nan ba naka ba ne na ci. Uwar kuɗi ce, kamar irin shuka take, kuma kai ɗan Maradi ka san halin manomin da ya ci irinshi a bazara. Mafi yawan waɗanda na ga sun karye cikin shekara ta farko ba ɓarawo ya shiga musu ba, ba gobara ba, su da kansu suka cinye jarin kaɗan-kaɗan ba su sani ba. Cefanen gida daga aljihun ciniki, kuɗin kati daga nan, gudummawar biki daga nan, suna, ta'aziyya, ƙane ya zo shina son kuɗin mota zuwa Tasawa, duk daga nan, kuma kullum aljihu da kuɗɗi don ana ciniki, sai mutum ya ɗauka lahiya lau yake. Ranar da zai je sari sai ya ga kwali goma da ya saba ɗauka yau bakwai kuɗinshi ke iya saye, wata mai zuwa biyar.

Maganinshi mai sauƙi ne amma shina son haƙuri. Ka yanka wa kanka albashi, kamar yadda ubangidanka ke ba ka kuɗin abinci, ka ce misali jika guda da rabi a rana, shi ke nan abin da za ka taɓa. Ka sayi kaye na dala hamsin, kowane dare ka rubuta abin da ya shigo da abin da ya hita har da kuɗin ledar da ka saya. In boko bai zamna maka ba rubuta da ajami, ba wanda zai duba sai kai. Kuma duk Juma'a bayan an sauko ka ƙirga kayanka, don ɗan kasuwa da kaya yake auna kanshi. In satin da ya wuce kana da kwali 30 da buhu 4, yau nawa gare ka in an haɗa da abin da kuɗin hannunka zai iya sayowa a farashin yau? Wannan ita ce tambayar.

Sai ka san riba ta gaskiya. Ka saro kwalin sabulu jika 9 ka sayar ɗai-ɗai ya tashi jika 10, sai ka ce ka ci jika guda, wato dala 200. A'a. Mai kura ya karɓi dala 30, leda ta ci dala 10, sabulu ɗaya ya fashe ko yaro ya ɗauka an kai gida dala 40, saura dala 120, kuma ba mu cire tikitin kasuwa ba, ba mu cire fatanti ba in lokacinta ya zo. Wanda bai yin wanga lissahi shi ne zai karya farashi don ya jawo mutane, ya wuni shina ciniki ana yaba mishi, ashe aikin banza yake yi wa masu saye.

Kuma da ƙaramin jari abin da kake nema shi ne kayan da ke juyawa. Jika 100 a kayan da ke ba ka biyar cikin ɗari amma suna ƙarewa duk sati, a wata ka samu jika 20. Jika 100 ɗin a kayan da ke ba ka ashirin cikin ɗari amma sai sun yi wata uku a kanta, jika 20 ɗin ce dai amma sai bayan wata uku, ga ƙura ga rana. Don haka sukari, magi, omo, taliya, mai, shayi, abin da gida bai kwana babu shi. Turare mai tsada da kayan ƙawa bar su sai ka yi ƙarfi.

Bashi kuma, hmm. An ce bashi hanji ne shina cikin kowa, kuma ba zan ce maka kar ka ba kowa ba don a unguwa kake, akwai maƙwabciyar da mijinta ya yi tahiya, akwai dattijon da ba za ka iya kallon idonshi ka ce a'a ba. Amma ka sa mishi iyaka tun ranar farko, ka ce duk bashin da ke waje kar ya wuce jika 30 misali, in ya kai nan an ruhe sai wani ya biya. Ka rubuta a gaban mai karɓa da ranar biya, addini ma ya ce a rubuta, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan bashi take, cikin Baƙara. 'Yan uwa kuwa gara ka ba su kyauta daga albashinka abin da za ka iya, da ka ba su kaya da sunan bashi wanda kai da su kun san ba za a biya ba, a rasa kuɗin a rasa zumuncin.

Bari in gaya maka abin da ya same ni, don har yau in na tuna raina shina ɓaci. Lokacin da na fara, da kaka na kwashe duk abin da na mallaka har da wanda na aro na sayi wake, ina jiran bazara ya yi tsada. Lissahin daidai ne, kowa ya san tiya da kaka da tiya da bazara ba ɗaya ba ne. Amma na zuba shi cikin buhun da aka saba na jibge a wani ɗaki, ban nemi wanda ya san ajiya ba, wata huɗu na buɗe na tarar ƙwari sun mai da shi gari. Na sayar da asara, na shekara biyu ina biyan mutane. Yanzu ga buhun PICS mai ninki uku da ke hana iska shiga ƙwarin su mutu ba tare da magani ba, ana samunshi a gari, da na san irin wannan ko na tambaya da ban shiga wancan hali ba. Abu biyu suka kashe ni, na shiga harkar da ban koya ba don na ga wasu na samu, kuma na zuba komai wuri ɗaya. Kai ka yi sa'a kana da sana'ar da ka sani ciki da waje, to tsaya a kanta, kar wani ya zo ya ce maka aya ko riɗi ake yayi bana ka kwashi jarinka ka bi shi.

Wani abin da ɗan kasuwar Maradi bai isa ya manta ba shi ne iyaka. Kayanmu da yawa ta Ɗan Isa suke shigowa daga Jibiya da Katsina da Kano, kuma kai shaida ne. Najeriya ta ruhe iyaka a Agustan 2019 sai Disambar 2020 aka fara buɗe wasu, ta Jibiya kuwa sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka sake ruhewa har Maris ɗin 2024, aka yanke wutar da ke zo mana daga can, masu firigo da masu ƙanƙara da 'yan walda suka ga tashin hankali. A 2023 ɗin dai aka cire tallafin mai a Najeriya, 'yan ruwa-ruwa masu sayar da man fetur a bakin titi suka shiga wani hali, naira kuma ta faɗi, wanda ya ajiye kuɗinshi a naira ko ya ba da bashi da naira ya wayi gari abin hannunshi ya zube. Sefa tana ɗaure da yuro, naira kuwa yawo take, don haka ajiyarka ta zamna a sefa, ka canza iya abin da za ka yi sari da shi a ranar. Kuma kar ka dogara da dila ɗaya ko hanya ɗaya, ka san mutum biyu uku a nan cikin gari da za su iya ba ka kaya ko iyaka ta ruhe gobe.

To ga yadda zan raba kuɗin in ni ne. Jika 50 ka yi tebur mai kyau da rumfar kwano ko babbar laima, a wurin da ƙafa ke wucewa, bakin tasha ko kusa da masallaci ko mashigar unguwa inda babu kanti kusa, ka je ka zamna a wurin kwana uku safe da yamma ka ƙirga masu wucewa kafin ka yanke, kuma ka nemi izinin mai wurin da na ma'aikatar magajin gari kar a zo a tashe ka. Jika 350 kaya. Jika 200 ka ajiye inda hannunka bai kai da sauƙi, kar ka taɓa sai kayan da ka ga suna gudu sun nemi ƙari, ko wata larura ta gaske ta taso. In kana son adashe shiga ƙarami wanda ribar sati za ta iya biya, da mutanen da ka san gidajensu. Takardun NIF, wato lambar mai biyan haraji, da rajistar kasuwanci za ka buƙace su ranar da ka fara neman kai wa ma'aikatu kaya ko buɗe asusun banki na sana'a, ka sa su a ranka amma ba su ne na wannan watan ba.

Abokinka kuwa ka gode mishi da kyau, ka ce ya riƙe kuɗinshi tukuna. Sannan ka koma wajen ubangidanka ka durƙusa ka gaya mishi shirinka, ka roƙe shi ya riƙa ba ka kaya a farashin sari, in ya yarda ma ya ba ka wasu ka sayar ka kawo kuɗi duk sati. Shekara 6 ya ga amanarka, wannan ta fi jika 400 ɗin abokinka daraja, kuma ba ta da ranar biya. Ka yi wata shida a haka, in kayen ya nuna ribar wata tana biyan hayar jika 25 sau uku bayan ka cire albashinka, lokacin sai mu yi maganar shago. Ka ɗauki hoton shafukan wata na farko ka turo min ta WhatsApp mu duba tare, musamman shafin bashi.