Amsa kan yaron da ƙuraje suka feso wa bayan fara maganin farfaɗiya

Assalamu alaikum. Hajiya, yanzu na saurari saƙonki. Kin ce yaron ya fara shan carbamazepine, maganin farfaɗiya, sati biyu ke nan, yanzu ga zazzaɓi, ga ƙuraje a ƙirji da fuska, leɓɓansa sun tsattsage, idanu sun yi jajir. Na ga wasu sun ce ƙyanda ce, a bari ta gama fitowa. Don girman Allah kar ki jira. Ki ɗauke shi yau ɗin nan zuwa sashen gaggawa, kwalin maganin a hannunki.

Abin da nake jiye masa shi ne wanda likitoci ke kira Stevens-Johnson. Jiki ne ke ƙin maganin, sai garkuwar jiki ta juya kan fatar mutum. Yakan fara da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, sannan ƙuraje masu duhu a tsakiya, su ɗuri ruwa, fatar ta riƙa salewa kamar ta wanda ruwan zafi ya ƙona. Ki taɓa masa wurin, za ki ga zafi yake ji, ba ƙaiƙayi kawai ba. Ni dai bakin da idon su suka fi ɗaga min hankali, ki kuma tambaye shi ko yana jin zafin fitsari. Idan salewar ta wuce kashi 30 cikin 100 na fatar jiki, ya zama wanda ake kira TEN, wato nau'in ciwon da ya fi tsanani, kuma ana iya rasa rai. Ido ma yana iya samun tabon da ba ya warkewa.

Yawanci cikin sati 8 na farko bayan fara maganin yake zuwa. Wasu magungunan farfaɗiya irin su phenytoin da phenobarbital ma suna jawo shi, haka lamotrigine, musamman in an haɗa shi da valproate ko an ƙara adadinsa da gaggawa.

To batun shan na daren nan: kar ki ƙara ba shi sai likita ya gan shi. Amma fa kar ki yanke maganin ki zauna gida da shi, don yanke maganin farfaɗiya kwatsam kan jawo faɗuwar da ba ta tsayawa. Likita ne zai sauya masa wani, irin su levetiracetam. In an tabbatar Stevens-Johnson ne, ki sa a rubuta a katinsa, kar a sake ba shi carbamazepine har abada, kuma a yi hattara da phenytoin da phenobarbital, don danginsa ne.

Kar ki shafa masa komai a fatar. In kun isa ki turo mana saƙo, Allah ya ba shi lafiya.