Ɗan siyasa mai jakar darduma

Kawu, barka da war haka. Ka tambaye ni kalmar da ka ji ana jifan Dakta Oz, likitan nan na talabijin, da ita a zaɓen sanata na jihar Pennsylvania ta Amurka a 2022, wato carpetbagger. Zagi ne, kuma tsoho. Ma'anarta a zahiri "mai jakar darduma".

Da yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, Kudu ta sha kashi, aka 'yanta bayi, sai mutanen Arewa suka yi ta kwarara can. A zamanin, jakar matafiyi mai arha da ƙyallen darduma ake ɗinka ta. Ka ɗauke ta kamar Gana-mas-go a wurinmu: da ka hango ta a tasha ka san mai ita ba ɗan gari ba ne. Turawan Kudu suka ce ga 'yan ci-da-ceto nan, duk abin da suka mallaka bai wuce jaka ɗaya ba, sun zo hawa mulki da ƙuri'un baƙar fata. Akwai macuta a cikinsu, ba musu. Amma da yawa malamai ne da suka zo koya wa 'yantattun bayi karatu, wasu kuma tsofaffin sojoji. Adelbert Ames, ɗan jihar Maine, har gwamnan Mississippi ya yi. Ni dai ban manta cewa waɗanda suka raɗa sunan su ne waɗanda bayi suka kuɓuce musu ba, shi ya sa kalmar ba ta yi mini daɗin baki.

Yau kuwa duk wanda ya tare a jihar da ba tasa ba don takara, shi ke nan an liƙa masa. An liƙa wa Robert Kennedy a 1964 da Hillary Clinton a 2000, dukansu a nan New York, kuma suka ci kujerar sanata. Oz kuwa ya sha kaye. Abokin hamayyarsa, John Fetterman, ya yi ta masa ba'a cewa shi mutumin New Jersey ne, me ya kawo shi Pennsylvania?

Abin da zai ba ka mamaki, Kawu, nan ba a tambayar takardar shaidar asalin jiha. A kan wannan batu, abin da tsarin mulki ya ce ga mai neman sanata shi ne kawai ka kasance mazaunin jihar lokacin da aka zaɓe ka. Mu Hausawan unguwar Bronx ta New York ma mun ari kalmar: wanda ya sauka jiya ya fito neman shugabancin ƙungiya, sai ka ji an tambaye shi, "Malam, ina ka ajiye jakar?"