Ƙaramin gari ya riƙe 'yan sandansa ko ya ba da kwangila?

Tambaya: Malam, na ji cewa a Amurka akwai ƙananan garuruwan da ba su da 'yan sanda nasu, sai dai su biya hukumar gunduma ta riƙa tsaron su. Shin hakan ya fi arha ne?

Amsa: A mafi yawan lokuta ya fi arha, Malam, kuma dalilin yana cikin lissafin awoyi. Mako yana da awa 168, ɗan sanda kuwa awa 40 yake aiki, saboda haka motar sintiri guda ɗaya da za ta yi ta zagaya gari dare da rana tana buƙatar mutum biyar ko fiye, in aka haɗa da hutu da jinya da zuwa kotu. Bayan albashinsu akwai shugaban runduna, da masu amsa kiran gaggawa, da ɗakin ajiye kayan shaida, da horaswa, da fansho, kuma duk wannan sai an biya shi ko mazauna garin dubu biyar ne ko dubu hamsin. Shi ya sa garin Lakewood na jihar Kalifoniya, tun kafuwarsa a 1954, ya sayi aikin tsaro daga ofishin Sherif, wato shugaban 'yan sandan gundumar Los Angeles, tsarin da garuruwa fiye da 40 na gundumar suke bi a yau.

Abin da masu kasafi suka fi mantawa da shi, kuma ni a ganina ya fi komai haɗari, shi ne kuɗin diyya. Jami'i ɗaya ya harbi mutum ba bisa ƙa'ida ba, hukuncin kotu na iya cinye kasafin ƙaramin gari. Garin Maywood, shi ma a jihar Kalifoniya, ya rushe rundunarsa a 2010 bayan ya rasa inshora saboda yawan ƙararrakin da aka shigar a kan jami'ansa.

Sai dai kwangila ma tana da tsadarta. Da zarar gari ya sallami jami'ansa ya sayar da motocinsa, ba shi da sauran bakin ciniki, domin gunduma ce ke yanke farashi, in ta yi wa ma'aikatanta ƙarin albashi sai kawai ta aiko da sabon lissafi. Haka kuma majalisar gari ba ta iya korar Sherif, tunda jama'ar gunduma ne suka zaɓe shi. Girman gari ma yana sauya lissafin: a Kanada garin da bai kai mutum 15,000 ba yana biyan kashi 70 cikin 100 na kuɗin 'yan sandan tarayya da ke masa aiki, wanda ya haura hakan kuwa kashi 90 yake biya.

Saboda haka garin da bai iya ɗaukar jami'ai goma ba gara ya ba da kwangila, amma a rubuta a cikin yarjejeniyar yawan awoyin sintiri, da iyakar ƙarin farashi a shekara, da wanda zai biya diyya.