Gaban motata yana durƙushewa in na ɗaga garmar ture dusar ƙanƙara, ina mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Minnesota ta Amurka, da hunturu ina sana'ar share dusar ƙanƙara a ƙofar gidaje da wuraren ajiye motoci. Motata a-kori-kura ce, Chevrolet Silverado 2500HD ƙirar 2015, mai injin dizal da ƙofa huɗu. Bana na sayi garma mai fiffike biyu, faɗinta ƙafa 8 da rabi. Da zarar na ɗaga ta sai gaban motar ya sauka kusan inci 2 da rabi, ƙarfen da ke riƙe da ita ya riƙa gogar ƙasa in zan hau gangaren shiga gida. Wani ya ce in ɗaure notocin sandunan murɗi, wato sifirin ɗin gaba, har ƙarshe, wani kuma ya ce shakazoba zan canza. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka bi ko ɗaya tukuna. Shakazoba ba ta ɗaukar nauyi, aikinta hana mota yawan tsalle ne kawai, don haka sabuwa ba za ta ɗaga maka gaba ba. Shi kuwa ɗaure notocin nan har ƙarshe, gyaran yau ne mai jawo ɓarnar gobe. Zan zo kansa.

Fara da sanin nauyin da gatarin gaba yake ɗauke da shi. Garma irin taka tana kai kilo 400 ko kusa da haka, amma abin da take ɗora wa gaba ya fi nauyinta, saboda a can gaban tayoyi take rataye. Kamar bokitin ruwa ne da ka riƙe da hannu a miƙe. Ga lissafin: tsakanin gatarin gaba da na baya a motarka mita 3.9 ne, in ba mai dogon bodi ba ce. In muka ƙaddara garmar kilo 400 ce, kuma tsakiyar nauyinta tana mita 1.2 gaba da gatari, to gaba zai karɓi kusan kilo 520, baya kuma ya rasa kilo 120. Ga injin dizal da tun asali ya fi na fetur nauyi sosai, duk a kan gaban. Shi ya sa masu dizal suka fi kowa wannan kuka.

Buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai takarda da aka liƙa. Nemi inda aka rubuta GAWR FRT, wannan shi ne iyakar abin da gatarin gaba zai ɗauka. Daga nan ka cika tanki, ka ɗaura garmar, ka je ma'aunin manyan motoci irin na CAT Scale da ke gidajen man tireloli, ka hau da garmar a ɗage, kai ma kana zaune a ciki. Takardar da za su ba ka tana nuna nauyin gaba daban da na baya. In adadin gaba ya wuce abin da ke jikin ƙofa, babu roba ko sifirin da zai halatta maka shi, domin iyakar ta haɗa da boris, boljoyin, birki da tayoyi. Za ka iya ɗaga hancin mota ta yi kyan gani alhali tana nan da lodin da ya fi ƙarfinta. Duba kuma takardar lambobi da ke cikin akwatin gaban fasinja, ko akwai VYU. Lambar GM ce, kamfanin da ke ƙera Chevrolet, ta motocin da aka shirya wa garma tun daga kamfani, kuma tun ƙirar 2011 irin waɗannan gabansu na iya kaiwa kilo 2,720. In babu ita, mai yiwuwa sandunanka masu laushi ne.

Awon saukar ma a yi shi daidai. A shimfiɗaɗɗen wuri, ka auna daga tsakiyar taya zuwa bakin madigad, hagu da dama, garma a ƙasa, sannan a sake awo garma a sama. Kada ka auna daga ƙasa, domin lotsewar taya za ta shiga lissafin. Saukar inci 1 zuwa 1 da rabi ba abin damuwa ba ce. Taka ta wuce haka. In gefe ɗaya ya fi ɗaya sauka sosai, to sanda ɗaya ta gaji ko robar da ke tare hannun tayar gefen ta mutu.

Gyara na farko shi ne mafi araha, kuma shi aka fi rainawa: lodi a baya. Amma wurin ajiye shi ne maganar. Dole ya zauna bayan gatarin baya, daf da murfin bodi. Wanda aka jibge kusa da kan mota ƙara wa gaba nauyi yake yi. Dogayen buhunan yashi da ake sayarwa da hunturu kowanne kilo 27 zuwa 32 ne, takwas ko tara za su ba ka kusan kilo 250. In tsakiyarsu tana santimita 70 bayan gatari, za su sauke wa gaba kilo 45 ne kacal. Ba yawa, gaskiya. Babban amfaninsu shi ne mayar wa tayoyin baya nauyin da garma ta ƙwace, mota ta daina wulgawa a kan santsi, birki ya kama daidai. Kamfanin garmarka yana da adadin da ya ƙayyade wa irin motarka, shi za ka bi. Tokare buhunan da katako a bayan tudun tayoyi, ka ɗaure da igiyar lodi, don yashin da ya jiƙe ya daskare dutse ne in aka taka birkin gaggawa. Gishirin narka ƙanƙara da ke cikin injin watsawa a bayan mota ba lodin dogaro ba ne, tunda kafin asuba ya ƙare.

Na biyu, kuma shi ne ainihin maganin matsalarka a ganina, shi ne sauya robobin da ke tare hannun taya na ƙasa in ya haura. A irin motarka biyu ne a kowane gefe, kuma suna cikin abin da ke ɗaukar lodi, ba don ranar faɗawa rami kawai aka sa su ba. Bayan shekaru cikin gishiri da sanyi sukan tsage ko su lotse. Akwai masu ƙarfi da ake sawa a gurbinsu, irin su Timbren na roba mai rami a ciki, da SumoSprings mai ɗan laushi. Kyansu shi ne ƙarfinsu yana ƙaruwa ne gwargwadon yadda aka danne su, don haka in babu garma ba sa takura mota sosai, in an ɗaga ta kuwa sai su karɓi lodin. Ɗaga motar da jak, ka tokare shasi da ƙafafun ƙarfe, hannun taya ya saki, ka ciro tsoho ka sa sabo yadda takardar kayan ta nuna. Aikin awa ɗaya ne ko biyu in tsatsa ba ta hana ba. Ka sani dai, a kan hanya mai gargada za ka ji gaban ya ɗan yi tauri.

Sai maganar notocin. Sandar murɗi ita ce sifirin ɗin gaba a manyan Chevrolet da GMC. Ɗaure notinta yana canza inda mota take tsayawa ne, ba ya ƙara wa sandar ƙarfi. Wato in garma tana saukar da kai inci 2, za ta ci gaba da saukar da kai kusan hakan, sai dai daga wuri mafi tsayi. In ka wuce gona da iri, shaf ɗin gaba zai karkace ya riƙa yaga robarsa, boljoyin da tarod su ci kansu da wuri, hannun sama ya riƙa dukan matsayarsa duk lokacin da taya ta faɗa rami, sannan hannun ƙasa ya yi nisa da robobin da ka saya don su taimake shi. Don haka robobi tukuna, noti daga baya, in har akwai sauran buƙata. Fesa musu man sakin tsatsa tun ana gobe. Ɗaga gaban har tayoyi su bar ƙasa kafin ka juya, ka yi alama da fenti, ka ƙirga zagayen. Kowane zagaye kan ba da kusan rubu'in inci. Uku zuwa huɗu a kowane gefe sun isa, kada ɗagawar ta wuce inci 1 da ɗan kai. Sauke motar, ka zaga da ita, ka sake awo, sannan a kai ta alaimen, in ba haka ba tayoyin gaba za su cinye ta gefe ɗaya kafin bazara. In awo ya nuna sandunan sun gaji, sababbi masu lamba mafi ƙarfi sun fi juya noti.

Masu Ford Super Duty daga 2005 zuwa sama da masu Ram 2500 ba su da wannan noti, nasu sifirin mai naɗi ne. Su maganinsu sa sifirin mai ɗaukar lodi mafi yawa. Zoben da ake cusawa a saman sifirin don ɗaga gaba tsayi kawai yake ƙarawa.

Bayan duk wannan, koma kan garmar kanta. Tsayin gaba ya canza, don haka duba ko firam ɗinta yana kwance daidai in ta sauka ƙasa. A mai fiffike biyu, in bai daidaita ba ko dai bakin fikafikan ya cinye ko tsakiya ta riƙa barin layin ƙanƙara. Akwai ramukan daidaita tsayi a jikin maƙalarta. Saita fitilun garma tana ɗage, lodin baya yana ciki. Iskar taya kuma a duba ta da sanyin safiya, domin duk saukar maki 5 zuwa 6 a ma'aunin Salshiyos tana rage kusan psi 1 a ma'aunin iska, kuma taya mai alamar E sai a psi 80 take kai cikakken lodinta. Tsakanin aiki da aiki kada gudunka ya wuce mil 45 a awa, ka sa ido kan zafin inji tunda garma tana tare wa lagireto iska. Ranar da babu ƙanƙara kuwa, kwance ta ka bar ta a gida.