Suna biyan kuɗin wata, sannan su ɓace

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina kula da wani ƙaramin gidan motsa jiki a Jidda, yawancin masu zuwa Hausawa ne 'yan'uwanmu. Mutum zai fara da zafinsa, kafin wata uku ka neme shi ka rasa. Yaya zan riƙe su?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abu biyu ke korar sabon shiga: tsamin jiki na makon farko, da rashin ganin canji.

Ranar da ya yi rajista, a auna nauyinsa da faɗin ƙugunsa da hawan jininsa, a rubuta a kati, a maimaita duk wata. Direban da ke wuni a mota, idan ya ga ɗamarar wandonsa ta saki kuma kati ya shaida, wallahi da ƙafarsa zai dawo. Ka samo mai tausa ko sau ɗaya a mako, ka haɗa kuɗin tausar cikin na wata. Mai ba da shawarar abinci ma yana da muhimmanci, domin wanda ya yi gumi sannan ya zauna gaban tiren kabsa (shinkafar Larabawa da nama) da shayi mai zaƙi, wahala kawai ya sha. A riƙa tuna musu minti 150 na motsa jiki a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara.

Da azumi ka mayar da lokacinka bayan tarawihi. Ƙaho kuwa, duk da farin jininsa a Saudiyya, kada ka kawo shi sai da lasisin hukumomin lafiya. Wanda ya yi kwana goma bai leƙo ba, kira shi da kanka ka tambayi lafiyarsa.